Ɗan Kifi a Ƙarƙashin Mariƙin Bindiga

Kowa a garinmu Cooma ya san Volkmar Lesser da tara tsofaffin ƙananan bindigogin Jamus, amma kaɗan ne suka san bai taɓa harba ko ɗaya ba. Ni ma ban sani ba sai da na dawo gida daga karatu a Jamus, na tarar har yanzu shinge ɗaya ne tsakanin gidanmu da nasa, shi kuma idonsa ya fara dushewa. Ya samu labarin na taɓa yada zango a Suhl, garin da aka haife shi, sai ya turo matarsa Dulcie ta kira ni shan shayi.

"Tsohon nan ya ce ki zo ki ba shi labarin garinsu," in ji ta daga bayan shinge. "In garin ya lalace kada ki faɗa. Ni zan sha ɗaure fuska har ƙarshen mako."

Garin bai lalace ba, amma ba shi ne wanda yake tambaya ba. Ya tambaye ni wata gada, da wani gidan burodi, da ko har yanzu ana jin ƙarar injuna tun daga tashar jirgi. Ban ga ko ɗaya ba. Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani, sannan ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfen da ke ɗakin baya.

Babansa, Albin, maƙerin wata masana'antar bindiga ne a Suhl. Aikinsa shi ne ya ɗauki sassan da inji ya yanko, ya bi su da magagari har su zauna da juna ba tare da girgiza ba. Kowane mai wannan aiki yana da ɗan ƙarfen buga alama, in ya gama bindiga sai ya buga tasa a ciki, ƙarƙashin mariƙi, inda mai saye ba zai gani ba. Ta Albin ɗan kifi ce, bai kai ƙwayar shinkafa ba. An ɗauke shi soja a farkon 1940, ana cikin yaƙin duniya, Volkmar yana goye, kuma bai dawo daga Rasha ba. Volkmar ya san kifin ne daga jikin wani cokali da uban ya buga wa alamar don wasa, da shi ya ci abinci duk ƙuruciyarsa. Ranar da shi da mahaifiyarsa suka gudu zuwa yammacin Jamus bayan yaƙi da jaka ɗaya, cokalin da hotuna duk a can suka tsaya.

Ya zo ƙasar nan yana saurayi, cikin dubban da suka zo haƙa ramukan ruwa a cikin duwatsu don samar da lantarki. Ya auri Dulcie, wadda take sayar da tikiti a gidan silima, ya koyi gyaran famfo, ya tsufa a kai. Bindigar farko da ya saya, a hannun wani tsohon soja, bai saye ta don sha'awa ba. Yana zuwa gida ya kwance mariƙin ya duba. Babu kifi. Haka ya ci gaba, ya yi lasisi, ya sayi akwatin ƙarfe, ya zama wanda ake kawo wa bindiga daga nesa don ya faɗi shekarunta.

"To ba ka taɓa samun kifin ba, Baba?" na tambaye shi.

"Na samu. Ga uku nan." Ya jera bindigogi uku a kan tsumma. "Duba gefen, kusa da bakin. Me kika gani?"

Na ɗauki gilashinsa na ƙara girma na duba. "Mikiya ce, da harafin N a ƙasanta."

"Ita ce matsalar, 'yata. Na soja suna da shekara a jiki, ba wuya. Waɗannan na kasuwa ne, ba a rubuta musu shekara. Hatimin da hukuma ke bugawa bayan an gwada bindiga kawai ake dubawa. Da kambi ake bugawa, sai a 1940 aka koma mikiya. Daidai lokacin da aka tafi da shi ke nan. Ƙarfen alamar kuma ba na mutum ba ne, na teburin aiki ne. Wanda ya gaje kujerar shi ya gaji kifin. Waɗannan ukun wani ne ya yi su, ban san ko waye ba. Ni kambi da kifi nake nema a jiki ɗaya."

"Shekara hamsin yana neman kifi bai taɓa jiƙa ƙafa ba," in ji Dulcie tana zuba shayi. "Mazan mutane suna zuwa tafki su dawo da abin soyawa. Nawa sai ya dawo da ƙarfe."

"Ke kuma shekara hamsin kina soya min magana."

Daga nan na zama idonsa. Duk wanda ya kawo bindiga, shi zai kwance ta da yatsunsa, don hannunsa bai manta ba, ni kuma in karanta masa abin da ke jiki. Na koyi bambanta shuɗin ƙarfen kafin yaƙi, mai zurfi kamar ruwan rijiya, da na ƙarshen yaƙi da aka yi cikin gaggawa. Na lura kuma duk sanda ya kai ga sukurun mariƙi, hirarsa takan tsaya.

Wata ranar Asabar cikin sanyi wata mata mai suna Noeline Crabb ta zo daga garin Bombala da gwangwanin biskit a hannu. Ta kusa sa'arsa. Ta ce suna kwashe kayan tsohon gidansu ne suka ga wata ƙaramar bindiga a saman silin. Babanta ya yi yaƙi da Jamusawa a hamadar Libiya, ya dawo bai cika magana ba, ya rasu tana ƙarama. Ɗanta da ke can birnin Perth yana da lasisi, an riga an shirya da dillali a yi wa bindigar rajista a aika masa. Tana so ne kawai ta san mece ce kafin ta tafi.

Volkmar ya zare ta daga cikin tsohuwar safa, ya tabbatar babu harsashi, ya ja saman ta baya a hankali, ya sake. Ya sake ja, wannan karon kusa da kunnensa.

"Hafsoshin Jamus sukan sayi irin wannan da kuɗinsu," ya ce mata. "Ta kasuwa ce. 'Yata, duba gefen."

Na duba sau biyu kafin in yi magana. "Kambi ne, Baba."

Ya sha samun kambi babu kifi. Ya ɗauki sukundireba. Sukurun ya ƙi, ya ɗiga masa mai, ya jira. Dulcie ta ba Noeline biskit tana tambayarta hanyar Bombala, amma idonta yana kan hannun mijinta. Da mariƙin ya fita ya miƙo min bindigar.

Akwai busasshen mai a wurin, na goge da tsinke. Kifin yana nan a kusurwa, ya ɗan karkata, jelar ta fi kan nutsewa.

"Yana nan," na ce.

Ya karɓa, ya sa babban yatsansa a wurin, ya daɗe. Sannan ya bi cikin ƙarfen da farce, inda sawun magagari ya jeru siriri-siriri.

"Ba ya gaggawa," ya ce. "Ji yadda ya bi gefen nan. Babu wanda zai taɓa gani, amma ya bi."

Noeline ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Dulcie ce ta ba ta labarin, a gajarce, ba tare da wasan da ta saba ba. Matar ta saurara, hannunta a kan murfin gwangwanin.

"Ban san me zan ce ba," in ji ta. "Ni ban ma san inda ya samo ta ba, kuma ina jin gara da ban sani ba. Amma mahaifiyarmu ta ba da kayansa duka tun muna yara. Ko hularsa babu. Wannan ce kaɗai ya ɓoye da hannunsa, kuma na riga na yi wa yaron alkawari."

Na ga Dulcie ta buɗe baki. Volkmar ya riga ta.

"Kina da sauri ne yau?"

"Sai yamma zan kama hanya."

"To bari in wanke miki ita. Ta daɗe ba ta ga mai ba."

Ya kwance ta gaba ɗaya, ya jera sassan a kan tsumma. Bai nemi taimakona ba. Mu uku muka koma kicin, muka bar shi, muna jin ɗan ƙarar ƙarfe jefi-jefi. Ya shafe yinin a kan aikin da na san yakan gama kafin shayi ya huce. Da rana ta yi ƙasa ya fito da ita a haɗe, ya naɗe ta da sabon tsumma, ya gaya wa Noeline ta faɗa wa ɗanta kada ya yarda kowa ya sake mata launi, kuma in zai kwance mariƙin ya yi a hankali, sukurun ya tsufa. Ta riƙe hannunsa da nata biyu a bakin ƙofa, sannan ta shiga mota.

"Ko tambaya ba ka yi ba," in ji Dulcie bayan motar ta sha kwana. "Da ka ce ta sayar, wa ya sani? Da ka ba ta duk tarkacen da ke cikin akwatin nan."

"Kin ji abin da ta ce. Da wane baki zan tambaya?"

"Da bakin da kake damuna da shi kullum."

Ya zauna a kujerar baranda, hannayensa a kan gwiwa, baƙi ƙirin da tsohon man bindigar babansa. Dulcie ta shiga ciki, na ji tana buga tukwane fiye da yadda girkin yake bukata. Can ta leƙo.

"Abinci ya yi, tsoho. Tashi ka wanke hannu."

"Ku fara," ya ce. "Sai an jima."