Idon Ruwan Mama Afiniki

Duk wanda ya girma a unguwarmu, bayan layin dogo a Kafanchan, ya ci wani abu daga fadamar Mama Afiniki: in ba shinkafa ba, to gwaza, ko tarwadar da take kamawa da kwando. Shekara arba'in tana noman wurin, tun da aka kawo ta gidan miji daga Kwoi. Gajeriya ce mai faɗan tsiya, musamman in ta ga mutum da adda kusa da tukurwa. Can cikin tukurwar idon ruwan yake ɓoye. Surukarta ce ta nuna mata shi, ta ce mutum ɗaya tak ake nuna wa a gida, shi ne mai tsaronsa. Mama takan ce fadama randar gari ce, da damina ta shanye ambaliya, da rani ta shayar da rijiyoyinmu.

Ba ta haihu ba. Gershon, ɗan ƙanin mijinta, shi ta goya, da kuɗin gwazan nan ya gama makaranta. Da mijin ya rasu, gona ta koma hannun maza bisa al'ada, wato hannun Gershon. Muka ce mata tsintacciyar mage ba ta mage. Ta ce mu kama bakinmu, ɗanta ne.

Wata Asabar ya zo daga Kaduna da takalmin roba sabo fil.

“Mama, ina so ki nuna mini idon ruwan nan.”

Murna kamar ta kashe ta. Ta riƙe hannunsa cikin laka, ta buɗe ganye, ta nuna masa. Ya kafa turke mai jan ƙyalle, wai don kada ya manta. Ranar Lahadi har shaida ta bayar a coci, cewa Ubangiji ya ba ta magaji.

Bayan sati biyu tifofi suka iso da jar ƙasa. Ashe ya riga ya sayar da fadamar ga masu gina gidan mai, su kuma suka ce sai an fara toshe idon da kankare. Daga turken suka fara.

Har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi. A watan Agusta ruwa ya shiga ɗakin Mama har gwiwa, a Maris rijiyoyinmu suka ƙafe. Na same ta a layin famfo da jarka, na hau zagin Gershon. Ta ɗaga mini hannu.

“Bar shi, Tamar. Bai san wurin ba. Ni na kama hannunsa na kai shi.”