Masu Diga

Jiya a garin Sterling, nan ƙasar waje, 'yata ta kawo aikin makaranta: fadar Turawan da, ta kwali, ramin ruwa kewaye da ita. Ta tambaya da Turanci, "Baba, mu ba mu da irinta, ko?"

Raina ya ɓaci. Na tuna Kawu magini, wanda ba ya wuce badalar Kano sai ya shafa ta. Wata rana bayan ruwa, ƙasa tana ƙamshi, muka tarar da wani yana saran ta da diga. Kawu ya daka masa tsawa: "Kabarin ubanka ma haka za ka yi masa?"

Yau irinsa sun cinye ta, ramin tare mahara da ke kewaye da ita ya zama juji. Allah ya jiƙan Kawu, ya tsare kabarinsa daga masu diga.