Shafin da Ba Mu Buɗe Ba

Jiya ina gyara tsohon akwatina sai ga littafin dokokin ɗalibai da aka raba mana a kwaleji, ƙarshen shekarun tamanin. Na buɗe shafi na tara.

Buba, ɗan ɗakinmu daga Burumburum, na tuna. An kore shi saboda ya yi mako uku ba ya makaranta. Sa ne ya soki mahaifinsa, shi kuma ya tsaya jinya. Da mataimakin shugaban kwaleji ya tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai, don a gidansu ba a kare kai a gaban babba.

Sai bayan wata guda na iya zuwa ofishin mataimakin.

"Ranka ya daɗe, jinyar mahaifinsa ya yi."

"Subhanallahi! Sau uku fa na tambaye shi. Ina kuke har wa'adi ya wuce?"

Ban gane wane wa'adi ba sai jiya. Shafi na tara ya ce duk wanda aka kora yana da kwana goma sha huɗu ya rubuto uzurinsa. Mu takwas ne a ɗakin, kowa da littafinsa a akwati.

Buba bai sake shiga aji ba. Ku fa, kun taɓa buɗe naku?