Almakashin Yari

Yari shi ne mai juya fim a wata silima ta Konni a shekarun tamanin, zamanin soja. Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma kullum da tabarau, da jarida a hammata.

Wata rana aka kawo wani fim na Faransa. A ciki wani soja ya kamu da son wata mace ta ƙasar da suke yaƙa, har ya aje bindiga ya zazzagi manyansa. Wani babba ya aiko daga buro, wato ofishin hukuma, cewa a yanke wurin da bai dace ba. Yari ya ɗauki almakashi, ya bi duk inda aka rungumi juna ya datse, ya bar zagin hafsoshi yadda yake. Da aka nuna fim ɗin, malaman lakwal, 'yan boko masu jin Faransanci, suka yi ta tafi. Jandarma suka tsare Yari kwana biyu.

Daga nan wai ya zama ɗan gwagwarmaya. Yakan zauna bakin kasuwa yana ba 'yan kabu-kabu labarin yadda ya ja da gwamnati. Ni na san shi sarai. Har ya tsufa bai san abin da sojan nan ya faɗa ba.