Tsoho Mai Ruwa da Karatun Biyu-Biyu

Tun ranar suna ake kiransa Tsoho, don sunan kakansa ya ci. Da ya zo ya tsufa na gaske, babu abin da aka sauya masa, gemu ne kawai ya yi fari ya cim ma sunan. A Tandabawi, unguwarsu a Makka, ba a ce masa Alhaji, domin a wannan unguwa in ka ɗaga murya ka ce Alhaji, layin gaba ɗaya ne zai waiwayo, har da masu ƙailula. Tsoho mai ruwa ake cewa, kowa ya gane.

Bazazzagi ne, daga wani ƙauye da in ya faɗi sunansa ko Zage-zagi 'yan uwansa sai sun sake tambaya. Ya baro gida yana saurayi da niyyar ya yi hajji ya koma, har ya ce wa mahaifiyarsa ta ajiye masa rabonsa na dawa. Tafiyar ƙasa ce irin ta da: a yi gaba, guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙwadago. Ya yi noma a Wadai, ya tsinci auduga a Jazira, ya yi dako a Umdurman. A can ya auri Rumasa'u, 'yar wasu Katagumawa da su ma hanya ta riƙe su. Da suka ƙetaro teku suka sauke farali, sai Tsoho ya ce ƙafar da ta kawo shi ta yi rantsuwa ba ta komawa. Ita Rumasa'u cewa take yi ba rantsuwa ba ce, lalaci ne.

Sana'arsa a Makka ita ce ɗiban ruwa. A lokacin famfo bai shiga gidaje ba, sai a je bazan, wato rijiyar unguwa, a yi layi. Sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya, ya hau matakalar gidajen nan na Larabawa masu tsawo yana kiran "Ya Sattar!" don mata su kauce. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi, kuma ko ba ya ɗauke da komai a karkace yake tafiya.

Abu ɗaya ne Tsoho ba ya son a taɓa masa, shi ne karatu. Mutum yana kwana yana tashi kusa da Harami, amma in an buɗe masa Alƙur'ani sai ya ga kamar tururuwa ce ta watse a kan takarda. Gajerun surori ya iya su da ka, ya tsince su a bayan limamai. In ya shiga Harami sai ya zauna kusa da mai tilawa yana motsa leɓe, wai shi ma a ga yana ciki.

Bayan babban yaƙin Turawa ya lafa, sai Rumasa'u ta lura maigidanta yana zuba ruwa gefen randa maimakon cikinta.

"Malam, ƙasar ma ka sa ta cikin masu sayen ruwanka?"

"Randar ce kika matsar."

"Tun da muka tare a ɗakin nan randar ba ta motsa ba. Juyo in ga idon."

Yanar ido ce ta fara hawa, fara-fara kamar an ɗiga madara. Wani mai maganin ido ya duba, ya ce na hagu ya yi nisa, na dama zai bi shi sannu a hankali. Tsoho ya dawo gida. Sai da ya gama cin tuwo ya wanke hannu, sannan ya ce, "Ni kam ina so in sauke Alƙur'ani da idona kafin ya rufe."

Rumasa'u ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskarsa, ta fasa.

A unguwar akwai wata 'yar zawiya ta langa-langa da Takari, wato mutanenmu mazauna can, suka haɗa hannu suka gina. Limaminta Malam Mukhtaru, Basakkwace ne mai sanyin hali, wanda ko kuda ya sauka masa a hanci sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Shi ya buɗe karatun manya bayan La'asar. Ranar farko zawiya ta cika: 'yan dako, masu wanki, masu ruwa, masu tsire. To amma tsarin shi ne kowa ya taso ya durƙusa gaban Malam ya biya a gaban jama'a. Ka ga mutum da jikoki, gemu har ƙirji, ya kakare a harafi guda yana gumi, sauran suna kallon rufi wai ba su ji ba. Washegari sai ya aiko cewa cikinsa na murɗa. Kafin wata ya zaga, ciwon ciki ya gama da rabin unguwa. Ranar da Malam ya duba ya ga tabarma ta fi mutane yawa, sai ya ce, "To jama'a, ko mu ɗan dakata hal bayan hajji?"

Tsoho ya ɗaga hannu. Shi ya san idonsa ba ya jiran bayan hajji.

"Allah gafarta Malam, in faɗi wani abu da na gani?"

"Hwaɗi, Tsoho."

"Da ina Umdurman na yi wa wani Bayahude mai sayar da yadi aiki. Su ranar Asabar ba sa kunna wuta, ba sa ɗaukar kaya, to ni nake kai musu ruwa ɗakin ibadarsu. In sun gama addu'arsu ba sa watsewa. Tsofaffi ne fa, wani ma haƙori ya ƙare, amma sai su zauna biyu-biyu, gwiwa da gwiwa, littafi a tsakiya. Wannan ya karanta, wancan ya ce ba haka ba ne. Su yi ta musu. Malaminsu yana gefe, sai abu ya gagara a kira shi. Ban taɓa ganin wanda ya ji kunya ba, don kowa na fama da nasa abokin. In sun gama su ci ɗan abin da aka kawo, a tambayi wanda bai zo ba ko lafiya."

Daga bayan zawiya wata murya ta ce, "La ilaha illallahu! Mutum yana Makka, sai ya tafi Umdurman wajen Yahudawa ya ɗauko mana karatu. Wannan sai Bazazzagi."

Hashimu mai tsire ne. Bakano, gajere, mai tumbi, kullum yana ƙamshin ƙuliƙuli da hayaƙi. Tun da suka san juna da Tsoho ba su taɓa gaisawa irin ta mutane ba. Wannan ya ce "Bawana, ka kwana lafiya?" wancan ya ce "Yaushe bawa ya fara gaida ubangidansa a tsaye?" Wasan Kanawa da Zage-zagi ne, sun ɗauko shi tun daga gida, teku ma bai wanke shi ba.

Tsoho ya ce, "Zama na ɗauko, ba littafi ba. Littafinsu nasu ne, namu namu ne. Kai da ka aiko cewa kana ciwon ciki jiya, yau har ka samu bakin magana?"

Malam Mukhtaru ya yi murmushi. "Ai wanga ba baƙon abu ba na. Ko garinmu haka masu tilawa ka yi, wani shi riƙe ma wani. Mu ne dai munka manta. Ku tashi ku rabu biyu-biyu." Ya dubi Tsoho, ya dubi Hashimu. "Ku biyun ga, ku zamna tare."

"Malam, me na yi maka?" in ji Hashimu.

Haka aka fara. Hashimu ya taɓa karatu yana yaro kafin kasuwa ta ɗauke shi, don haka yana gane baƙi, sai dai gaggawa gare shi, yana tsallake harafi kamar mai gudun bashi a layi. Shi kuwa Tsoho bai san baƙi ba amma kunnensa ya sha karatun Harami, ko wasali aka karkatar sai ya ji.

"Koma baya, ba haka ba ne."

"Kai da ba ka san alif ba, kai za ka gyara mini?"

"Ban san shi ba, amma na san ba haka ake kiransa ba. Malam! Zo ka raba ni da Bakanon nan."

Sau da yawa Tsoho ne da gaskiya, sai Hashimu ya ce ai gwada shi yake yi. In kuma Tsoho ya kakare, Hashimu ya ɗora masa yatsa a kan harafin ya ce, "Dube shi da kyau, wanda ka gani jiya ne, bai yi tafiya ba."

Masu ciwon ciki suka warke ɗaya bayan ɗaya. Hayaniyar zawiya ta kai har wani Balarabe maƙwabci ya taɓa leƙowa da sanda zai raba faɗa, ya tarar da dattawa ne ke jayayya a kan shaddar wani harafi. Rumasa'u ta fara aiko da kunun tsamiya, wata ta aiko da gyaɗa, aka wayi gari ba a tashi sai an sha shayi. Wanda bai zo ba, abokin karatunsa ne zai bi sawunsa, don shi ma karatunsa ya tsaya. Ta haka aka riƙa sanin marar lafiya da wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba. Daga baya matan ma suka ce ba su yarda ba, suka karɓi zawiyar da hantsi. An ce tasu hayaniyar ta fi, amma ba a faɗa a gabansu.

Shekaru suka yi ta tafiya. Duk lokacin hajji karatu ya tsaya, kowa ya tafi Mina neman na tuwo, masu dako na dako, masu ruwa na ruwa. Duk dawowa kuma sai Tsoho ya tarar da baƙaƙen sun ƙara dushewa. Ya fara kai takarda dab da hanci. Ya koma bakin ƙofa inda haske ya fi. Malam ya ara masa wani rubutun hannu mai manyan baƙaƙe irin na gida. A haka, da rarrafe da musu, suka haura daga ƙananan surori har suka shiga Baƙara, wadda ita ce ta ƙarshe a tsarin karatun mutanenmu.

Suna dab da ƙarshenta idon ya ce ya gaji. Ranar Tsoho ya ɗaga takardar, ya juya ta, ya matsa waje, ya dawo. Layi-layi kawai yake gani, baƙi a kan fari, babu harafi ko ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa.

Hashimu ya rage murya. "Ba komai, ya shaikh. Saura kaɗan. Ni in karanta, kai ka bi ni."

"Bin baki na iya shi tun ina Wadai. Ba shi ya kawo ni nan ba."

Malam ya ce Allah ya ga niyya, ladan na nan cikakke. Tsoho ya ce haka ne, Allah gafarta Malam. Ya ɗauki takalmansa ya tafi gida. Washegari bai zo ba. Rana ta biyu ma haka. Rumasa'u ta ce yana zaune bayan ɗaki, ba ya ko tanka mata, abin da bai taɓa yi ba.

Ran Juma'a da hantsi, rana ta fito tas, sai ga Hashimu ya kunno kai layin yana nishi, ɗauke da ƙyauren ɗakinsa a ka. Ya ciro shi ne daga jikin ƙofa, ya kankare shi da wuƙar tsire, ya wanke, ya shafe shi da farar ƙasa kamar yadda ake yi wa allo. Ya dama tawada da gawayinsa da ƙaro, ya feƙe kara mai kauri, ya rubuta ayoyin da haruffa kowanne ya kai tafin hannu. Malam ya duba masa ya gyara. Rubutun dai ba kyau, ko Hashimu bai ce da kyau ba, amma ana ganinsa daga bakin layi.

Ya jingine shi a bango inda rana ke bugawa. "Fito, bawana. Kwana biyu kenan nake kwana ƙofa a buɗe, kyanwoyin Makka duk sun san hanyar namana."

Tsoho ya fito yana lalube. Ya durƙusa gaban ƙyauren, ya rufe idon hagu da tafi, ya matsa har gemunsa na taɓa katako. Sannan ya ɗora yatsa a kan harafin farko, ya kira shi.

Ƙyaure ba ya ɗaukar ayoyi da yawa in an yi su da wannan girma. In Tsoho ya biya, a wanke a tasa, a shanya, Hashimu ya sake rubuta na gaba. Rumasa'u ke tara ruwan wankin, ba ta bari ɗigo ya taɓa ƙasa. Haka suka yi ta yi kowace safiya, har ranar da Tsoho ya kai aya ta ƙarshe, jama'ar zawiya na tsaye a bayansa, matan na leƙe ta katanga. Ya karanta ta a hankali, harafi bayan harafi. Da ya kai ƙarshe Malam ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, Rumasa'u ta rangaɗa guɗa har sai da Balaraben nan ya sake leƙowa.

Tsoho bai tashi ba. Yana nan durƙushe, tafinsa a kan katakon. Hashimu ya juya baya yana goge fuska da hannun riga, wai hayaƙin jiya ne bai fita daga idonsa ba.

"Hashimu."

"Na'am."

"Na gani. Duk na gani."

"To alhamdu lillahi. Sai ka ba ni ƙofata."