Daren da Inna Ta Hana Ni Cewa Amma

Inna, kakata ta wajen uba, ba ta da numfashin yin tatsuniya. Ciwon ƙirji ya cinye shi tun kafin a haife ni. In an yi lisha muka zauna bakin murhu a gidanmu na Yakasai, gajere-gajere take yanko magana, ta tsaya tana haki, ni kuma in sa mata abin da zai haɗa wannan da waccan. Ta ce, "Maraƙi ya hango ɗanyar ciyawa." In ce, "Sai..." Ta ce, "Ya bar garke." Takan ce ita ƙyallaye kawai take kawowa, ni ce allura, allurar ma mai shegen surutu.

Shekara huɗu ke nan da aka tafi da mahaifina cikin masu ɗaukar wa sojan Nasara kaya. Wani maƙwabcinmu da ya dawo, magana biyu kawai ya kawo: sun isa wani babban kogi tare, bai ƙara ganinsa ba. Mahaifiyata, Dada, ta zauna haka nan, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Malamai sun ce wa'adin jira ya cika. Yayyenta sun zo daga Zaitawa har sau uku, ta ce ba za ta shiga takaba ba sai uwar mijinta ta yarda. Inna kuwa kullum sai ta sa an rufe masa tuwonsa a akushi, da safe mu ɗumama mu ci.

A shekarun nan tatsuniyoyinta duk suka koma guda ɗaya. Maraƙi ya bar garke, ya ƙetare rafi, rana ta faɗi, kura ta tare shi. A nan nake cewa "amma", ita kuma dole ta nemo masa mafita. Yau ƙaya ta soki kura, gobe wani maharbi ya yi tari a bayan kuka. Ni ban taɓa gajiya ba. Ban kuma lura da yadda take ƙara daɗewa kafin ta samo mafitar ba.

Wani dare da damina, ranar da kawunnaina suka sake zuwa suka koma, muna madafa, Dada na gefe tana kaɗi. Inna ta kawo wurin kura. Na ce, "Amma..."

Ta daɗe tana kallon wuta. Sannan ta ce, "Babu amma yau, Ladi. Ce sai."

"Inna, ai in na ce sai, cinye shi za ta yi."

"Na sani. Na gaji. Ce."

Na ƙi, na turo baki. Mazarin Dada ya tsaya. Ita ce ta faɗa, da ƙyar aka ji ta: "Sai..."

Inna ta ce, "Ta cinye shi. Saniya ta yi kuka. Gari ya waye. Ta bi garke." Ta huta, ta juya ga Dada. "Amina, gobe kar ki rufe tuwo."

Kwana uku ban yi wa Inna magana ba. A ganina ta kashe maraƙi don ƙyuya, har da ubana. Dada ta yi takabarta, daga baya ta sake aure, ta haifi ƙannena biyu.

Yanzu na girmi Inna ta wancan lokaci, na binne nawa mutanen, ni ma na yi jiran da ba shi da rana. Na san nauyin abin da nake ɗora wa tsohuwa mai haki kowane dare, ina dariya, ita kuma tana ɗauka don kar in yi kuka. Abin da na fi jin kunyarsa shi ne, aikin allura nawa ne, Inna ni ta roƙa. Na ƙi, na bar wa mahaifiyata ta faɗa da bakinta.