Injin Numfashin Inna Kulu

Dokar aikinmu a fili take: kamfanin rarraba wutar lantarki ba shi da ikon yanke wutar gidan da ya san akwai majinyacin da rayuwarsa ta dogara da na'ura, ko da gidan bai biya kuɗin wuta ba. Na yi shekaru ina jami'ar karɓar koke-koke a ofishinmu mai kula da Wurno, Rabah da Goronyo, amma ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da muka je Magarya, domin a ranar na ga inda wannan doka take da rauni.

Lokacin bazara ne, bayan an kwashe albasa. Umarni ya zo daga manajan shiyya cewa a cire fis ɗin taransifomar wata unguwa saboda rashin biya. Ga waɗanda ba su san aikin ba, cire fis yana kashe wutar unguwa gaba ɗaya, da mai laifi da marar laifi. Na bi ayarin ne don sauraron ƙorafi. Shugaban ayarin, Malam Garba, mutum ne mai bin umarni da son gama aiki kafin azahar.

Ana kafa tsani sai wani magidanci, Malam Ummaru, ya fito daga wani zaure. Ɗan gidan malamai ne, mai kamun kai. Ya gaishe mu, ya ce ko za a ɗan jinkirta, mahaifiyarsa ba ta jin daɗi.

Garba ya ce, "Ya jikin nata?"

Malam Ummaru ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Garba ya juyo gare ni. "Hajiya, kin dai ji da kunnenki. Ɗanta ya ce da sauƙi."

Raina ya ɓaci, domin Garba ɗan ƙasar nan ne kamar ni. Ya san ko mutum yana gargara, amsar da iyalinsa za su bayar ke nan, musamman a gaban baƙi a bakin titi. Ya kuma san shi da mutanensa maza ne, ba za su wuce zaure ba.

Na ce, "A dakata. Zan shiga dubiya."

Ya ce, "Dubiya munka zo, ko aiki?"

Na ce, "Wagga dubiya ita ce aikin."

Na tarar da tsohuwar, Inna Kulu, jingine da bango, robar iska a hancinta, injin numfashi yana gurnani a gefenta. Wutar gari ba kullum take zuwa ba, amma ita ke cika baturan da ke riƙe injin idan an ɗauke. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata abin da ɗanta ya faɗa.

Ta yi murmushi da ƙyar. "Ɗiyata, Ummaru kullum da sauƙi. Ni ka jan numfashin, shi ka jin sauƙin."

Na fito na kira manaja a waya a gaban kowa. Na bayyana masa abin da na gani, na tuna masa da dokar.

Ya ce, "Mi ya hana su sanar da ofis tun farko?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba wanda ya taɓa gaya musu suna da wanga haƙƙi. Amma ni ma'aikaciyar kamfani ce, na gani da idona. Daga yanzu kamfani ya sani, kuma haka zan rubuta cikin rahoto da sunana."

Sannan ya ce a ba Garba wayar.

Ba a cire fis ba. An bi turakun wuta ɗaya bayan ɗaya ana yanke wa waɗanda ya kamata, aka bar layin gidan Inna Kulu. Aikin ya kai mu la'asar cikin rana mai ƙuna, Garba yana ta mita cewa dubiyata ta cinye masa abincin rana. Amma da muka tashi tafiya, shi ne ya kira Malam Ummaru gefe, na ji yana cewa, "Malam, in ma'aikatanmu sunka sake tambayarka, don Allah ka ce ba sauƙi."

Inna Kulu ta wuce wannan bazara. Da damina na koma, na same ta tana yi wa jikokinta faɗa, injin yana aiki.

Doka ta ce sai kamfani ya sani, alhali kamfani yana aika maza zuwa gidajen da maza ba sa shiga. Saboda haka nake roƙon hukumar gudanarwar kamfani, cikin girmamawa, ta binciki unguwannin da aka cire wa fis a wannan shiyya ba tare da an shiga gida ko ɗaya ba, ta kuma wajabta sanya ma'aikaciya mace a kowane ayarin yanke wuta, wadda za ta shiga ta gani kafin a kafa tsani.